Tsakanin .243 da .270 da .308 da .30-06: wane harsashi ya dace da barewar Amurka?

Jikan Sarkin Baka, Zuru

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu sani a kan wata tambaya da ƙanena ya jefo mini, wadda ta fi ƙarfin abin da na gada. Shekararsa huɗu ke nan yana aikin jinya a jihar Wiskonsin ta Amurka, kuma abokan aikinsa sun gayyace shi farautar barewa a watan Nuwamba, lokacin da jihar take buɗe kwanaki tara na farauta da bindiga. Ya yi kwas ɗin da hukuma ta wajabta wa sababbin mafarauta, takardunsa na zama sun cika, abin da ya rage masa shi ne sayen bindiga. Da ya shiga shago sai aka jera masa raifil guda biyar masu kama da juna kamar an tsaga kara, aka ce bambancinsu yana ga harsashin da kowacce take ci: .243 Winchester, .270 Winchester, .308 Winchester, .30-06 Springfield da 6.5 Creedmoor. Ya tambayi abokan nasa, kowa ya yabi abin da ke hannunsa ya kushe na ɗan'uwansa, har ya fito shagon ya fi lokacin da ya shiga rikicewa.

Ya juyo gare ni ne domin kakanmu ya riƙe sarautar Sarkin Baka a ƙauyenmu, kuma ni na fi kowa daɗewa ina riƙe masa burgami idan za a shiga daji. To amma abin da na sani shi ne adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, sai kuma mai baki biyu wadda take watsa ƙwayoyin dalma. Da su muka harbi gada da batsiya da mazo, kuma ban tuna ranar da kakanmu ya harbi dabba daga nisan da ya wuce taki arba'in ba, domin a wurinsa gwaninta tana ga sanɗa ne da sanin inda iska take kaɗawa. Raifil kuwa sai dai in hanga a hannun jami'an tsaro.

Tambayata biyu ce. Ta farko, mece ce ma'anar waɗannan lambobi? Ta biyu, wanne ya kamata ya saya? Yaron siriri ne, nauyinsa bai wuce kilo 60 ba, kuma bai taɓa harba raifil ba. Inda za su je kurmi ne mai bishiyoyi da gefen gonakin masara, kuma abokansa sun ce da wuya harbi ya wuce yadi 150. Barewar tasu ita ce mai farin bindi, wadda namijinta yake da ƙaho mai rassa, kuma daga hotunan da ya turo mini na ga girmanta ya yi kusa da na maraya, ta fi mazo amma ba ta kai gwanki ba.

Malamin Kimiyya, Jega

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni ba maharbi ba ne, malamin fiziks ne a makarantar sakandare, amma na daɗe ina bin wannan fanni domin da shi nake buga wa ɗalibai misali idan muka zo darasin nauyi da gudu. Zan ɗauki tambayarka ta farko, in taɓa ta biyun kaɗan.

Abin da muke kira harsashi a dunƙule kashi huɗu ne: kwanso na tagulla, albarushin da ke cikinsa, ɗan maƙyastin da ke gindinsa, da ƙwayar da take fita ta bakin bindiga ta je ta sami dabba. Lambar farko a sunan tana nuni ne da kaurin ƙwayar ko faɗin ramin bututu, wani lokaci da inci, wani lokaci da milimita. Ƙwayar .243 kaurinta ya ɗara milimita 6 kaɗan, ta .270 milimita 7 ce, ta Creedmoor tana tsakaninsu, su kuma .308 da .30-06 ƙwaya iri ɗaya suke harbawa, mai kaurin milimita 7.8. Abin da ke biye da lambar farko ba shi da ƙa'ida guda. A .30-06, alal misali, 06 ɗin yana nufin shekarar 1906, wadda a cikinta sojojin Amurka suka karɓi harsashin. A tsohon .30-30 kuwa, wanda ya fito a 1895, talatin ta biyun nauyin albarushin da aka fara zuba masa ne.

Idan ka lura, huɗu daga cikin biyar ɗin 'yan gida biyu ne. Akwai gidan dogon kwanso, wato .30-06 mai tsawon milimita 63, da .270 wanda ya fito kasuwa a 1925 bayan an matse wuyan irin wannan kwanso domin ya riƙe siririyar ƙwaya. Akwai gidan gajeren kwanso mai milimita 51, wato .308 na 1952, da .243 na 1955 wanda shi ma matse wuyan .308 aka yi aka same shi. Creedmoor shi ne autansu, kamfanin Hornady ya fitar da shi a 2007 domin gasar harbin nesa, daga baya mafarauta suka rungume shi.

Ana auna nauyin ƙwaya da giren, kuma giren 15 da ɗan ɗori ne gram ɗaya, ƙarfin dukanta kuwa da jul ake auna shi. Ga abin da harsasan kanti da aka saba saye suke bayarwa a bakin bindiga, a ƙiyasce, domin tsawon bututu yana ɗan sauya lissafin. Na .243 mai giren 100 yana fita da gudun kusan mita 900 a sakan ɗaya, da ƙarfin jul 2,600. Na Creedmoor mai giren 140 yana fita da kusan mita 820, da jul 3,100. Na .270 mai giren 130 ya fi su sauri, kusan mita 930, da jul 3,650. Na .308 mai giren 150 yana yin mita 860 da jul 3,600, shi kuma .30-06 mai giren 180 yana yin mita 820 da jul da ya doshi 4,000.

Inda masu gardama suka fi tsayawa shi ne faɗuwar ƙwaya a hanya, domin tun daga lokacin da ta bar bututu ƙasa take janyo ta, kuma wadda ta fi sauri ko ta fi iya keta iska ita ce take isa kafin ta faɗi da yawa. Masoya .270 da wannan suke tutiya, kuma sun yi gaskiya, amma mu duba girman gaskiyar. Idan aka daidaita saiti a yadi 200, ƙwayar .270 za ta sauka ƙasa da wurin da aka auna da kusan inci 6 da rabi a yadi 300, ta .308 kuwa kusan inci 9, sauran kuma suna tsakanin nan. Wato duk hayaniyar a kan inci biyu zuwa uku ce, faɗin yatsu uku, kuma a nisan da ya ninka wanda ƙanenka zai yi harbi. Mahallaka a jikin barewa, wato huhu da zuciya, faɗinta ya kai na farantin cin abinci, inci 8 zuwa 10. A yadi 150 babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da zai fita daga wannan faranti idan mai harbin ya auna daidai. Ko .30-30 ma, wanda yake faɗuwa fiye da ƙafa biyu a yadi 300 idan an saita shi a yadi 100, ya cika tukwane da nama a irin wannan kurmi fiye da shekara ɗari.

Lissafin da ya fi shafar ƙanenka shi ne na baya, ba na gaba ba. Duk abin da bindiga ta tura gaba sai ta rama shi a kafaɗar mai riƙe da ita, kuma a bindigogi masu nauyi ɗaya, shurin .243 kusan rabin na .270 ko .308 ne, na .30-06 mai giren 180 ya fi ninkin na .243, na Creedmoor kuma yana tsakanin .243 da .308. Saboda haka, a ra'ayina, mai kilo 60 da bai taɓa harbi ba ya fara duba .243.

Tsohon Soja, Argungu

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ta ɓangaren kafaɗa da yatsa zan yi magana, domin na yi shekaru ina koyar da sababbin kurata harbi kafin in yi ritaya, kuma bindigogin da muka yi aiki da su, FN da G3, harsashin 7.62 na ƙungiyar NATO suke ci, wanda shi da .308 kusan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. An fitar da .308 ga farar hula a 1952, NATO ta karɓi nata a 1954.

Abin da na gani da idona shi ne, ba ƙarancin ƙarfin harsashi ne yake sa a kuskure ba, tsoron bindiga ne. Yaro zai harba sau biyu ko uku, bindiga ta doke shi a kafaɗa, ƙararta ta cika masa kunne, daga nan sai jikinsa ya koyi wani hali ba tare da saninsa ba: kafin harsashi ya fita sai ya runtse ido, ya tura kafaɗa gaba, ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Idan ka gaya masa sai ya rantse bai yi ba. Yadda muke kama su shi ne, mai koyarwa ya ɗura bindigar da kansa a filin atisaye, wani lokaci ya sa harsashin gaske, wani lokaci ya sa na wofi wanda ba ya tashi, sai ka ga bakin bindiga ya duƙa ƙasa alhali babu abin da ya fita. Wanda ya kamu da wannan ciwo, ko igwa ka ba shi sai ya sami barewa a ciki ko a ƙafa, ta gudu ta je ta mutu inda ba mai cin ta sai dila. Don haka na cire .30-06 daga lissafin ƙanenka. Ba don yana da aibi ba. Harsashi ne da ya yi yaƙin duniya biyu, kuma yana kayar da dabbobin da suka ninka barewa sau uku ko huɗu. Sai dai ba a ɗora wa ɗan maraƙi kayan amale.

Inda na saɓa wa Malam kaɗan shi ne, ni .308 zan zaɓar masa. Dalilina na farko shi ne samuwa: duk ƙaramin shagon da yake sayar da harsashi a can da wuya a rasa shi, kuma akwai masu arha na gwaji, wanda hakan zai ba shi damar harba guda sittin ko ɗari kafin ranar farauta ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba. Na biyu, bututun .308 yana daɗewa fiye da na .243, domin .243 yana tura albarushi mai yawa ta ƙunƙuntar hanya, zafin yana cinye maƙogwaron bututun da wuri. Na uku, idan wata rana aka gayyace shi farautar babbar dabba a jihohin yamma, ba sai ya sake sayen wata bindiga ba. Maganar shuri kuwa tana da magani: ana sayar da harsasan .308 da aka rage wa albarushi musamman domin masu koyo, ya fara da su. Kada ya sayi bindiga mara nauyi sosai don tana da daɗin ɗauka, domin mara nauyi ta fi duka. Ya sa matashin roba mai kyau a gindinta. Kuma ya toshe kunnuwansa duk lokacin da zai yi gwaji, domin rabin tsoron daga ƙara yake zuwa. Ni da nake wannan magana kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya kafin ni.

Wani abu kuma da ya wajaba in faɗa, tun da mafi yawan masu karanta mu a gida suke. Wannan zance duka na can ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Adaka da danginta, lasisinsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta irin mai baki biyu da raifil na wasanni, nasu yana hannun Sufeto Janar. Amma raifil masu awon 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303 na inci, doka ta sa su cikin haramtattu waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma .303 ɗin nan shi ne abincin tsohuwar Mak 4 da muka taso muna gani a hannun 'yan sanda. Ka gaya wa ƙanenka, idan zai zo ganin gida ya zazzage jakarsa da aljihunan rigunansa sarai, kada ya taho da ko da kwanson da aka riga aka harba da sunan tsaraba. A halin da yankinmu yake ciki, wannan ba abin da za a tsaya yi wa jami'i bayani a shingen bincike ba ne.

Ɗan Yauri a Jamus

Ina gaida Baba Soja da Malam. Ni ina zaune a Jamus, na ci jarabawar farauta ta ƙasar bayan na sha wuya, kuma ina fita daji shekara ta shida ke nan. Na ga an yi ta magana a kan kwanso da albarushi, alhali abin da yake taɓa dabbar shi ne ƙwaya, kuma a nan ne na ga sababbin mafarauta suna yin asara.

Ƙwaya iri-iri ce ko da sunan harsashin ɗaya ne. Akwai wadda aka lulluɓe kanta gaba ɗaya da jan ƙarfe, irin ta soja da ta gwaji mai arha. Ita tana huda jiki ta wuce kamar basilla ba tare da ta buɗe ba, shi ya sa ƙasashe da jihohi da dama suka hana farautar manyan dabbobi da ita. Baba Soja ya yi daidai da ya ce a yi atisaye da mai arha, amma kada a shiga daji da ita, kuma kafin ranar farauta a sake daidaita saiti da ainihin wadda za a yi aiki da ita, domin kowacce da inda take sauka. Akwai kuma mara nauyi mai siririn bawo, wadda aka ƙera domin dila da ƙananan dabbobi, tana tarwatsewa da zarar ta taɓa jiki. Wannan ita ce tarkon .243, domin a kan kanta ɗaya za ka ga kwalin giren 58 kusa da kwalin giren 100, hotonsu kusan iri ɗaya. Wanda ya harbi barewa a ƙashin kafaɗa da ta farkon zai yi mata mummunan rauni a waje, huhu kuwa lafiya lau. Wadda ake so ita ce mai buɗewa a hankali kamar lema tana riƙe da nauyinta. Remington sun fitar da Core-Lokt tun 1939, Nosler Partition ta biyo baya a 1948, kuma har gobe da tsohuwar zuma ake magani.

Na taɓa yin irin wannan kuskure a shekarata ta biyu, lokacin da na yi amfani da ƙwayar gasa don na ga ta fi haɗa rami a allon gwaji. Na sami dabbar da magariba, ta shige sarƙaƙiya, babu ramin fita balle jini ya zuba mu bi sawu, sai washegari da hantsi kare ya gano ta, naman ya riga ya lalace. Tun daga ranar nake fifita ƙwayar da za ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, kuma a nan ne .243 yake da ƙarancin rara: idan barewa ta tsaya ta ba ka haƙarƙari sosai, ya isa har ya yi saura, amma idan ta karkace, ko babban namiji ne mai kilo 100 da ɗoriya, mai giren 140 ko 150 ta fi shi tabbas.

Hukumomi ma ba su haɗu a kan .243 ba. A Ingila dokar barewa ta 1991 ta sa mafi ƙarancin awo ya zama .240 da ƙarfin jul 2,305 a bakin bindiga ga manyan nau'o'in, ka ga ke nan .243 ya haye da ƙyar, kuma mafarautan can suna amfani da shi sosai. A nan Jamus kuwa, ƙaramar barewar daji kawai za ka harba da shi. Jar barewa babba da aladen daji sai awon milimita 6.5 zuwa sama, da ƙarfin jul 2,000 a nisan mita 100. Wannan ya sa nake ganin Creedmoor ne ya fi dacewa da ƙanenka, domin shurinsa ya fi kusa da na Malam, nauyin ƙwayarsa kuma ya fi kusa da na Baba Soja. Tsofaffin maharba suna yi masa kallon yayin zamani, amma abin da yake yi bai bambanta sosai da na tsohon harsashin 6.5x55 ba, wanda Suwidin da Nowe suka karɓa tun 1894, kuma da shi mutanen can suke kayar da dabbar da ta fi gwanki girma. Doguwar siririyar ƙwaya tana nutsewa da kyau, abin da ke nan.

Ya kuma yi tunanin ƙwaya mai buɗewa ta jan ƙarfe zalla, mara dalma. Dalma tana barin ɓurɓushi a naman da ke kewaye da rauni, kuma idan akwai yara ko mai juna biyu a gida ba abin wasa ba ne. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun watan Yulin 2019.

Almajirin Gwandu

Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan ƙara abin da ya shafi halaccin naman, domin yana da alaƙa kai tsaye da zaɓin ƙwaya. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an bambanta tsakanin abin da makami ya kashe da kaifinsa ya huda, wanda ake ci, da abin da ya kashe da faɗinsa ta hanyar buguwa, wanda ba a ci, domin ya shiga hukuncin bugaggiya da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Da bindiga ta bayyana malamai sun yi saɓani, amma abin da mafi yawan malaman Malikiyya na baya suka tafi a kai shi ne halacci, saboda harsashi yana huda jiki ya zubar da jini fiye da kibiya. Sharaɗin shi ne ya yi niyyar farauta, ya ambaci sunan Allah a lokacin da zai matsa kunama, kuma ya bi dabbar ba tare da sakaci ba. Idan ya iske ta da sauran rai tabbatacce, sai ya yanka ta, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunsa, ba a cikin mota ba. Idan kuma ya same ta ta faɗa ruwa ta mutu, hadisin ya ce kada ya ci, domin bai san ko ruwan ne ya kashe ta ko harbinsa ba.

Labarin da ɗan'uwanmu na Jamus ya bayar ya taɓo wata mas'ala, wato dabbar da ta ɓace wa maharbi har ta kwana, wadda malaman mazhabarmu suka tsananta a kanta fiye da wasu. Ka ga ke nan ƙwayar da take kashewa da wuri, ta bar jinin da za a bi, ba nama kawai take tsarewa ba, har da fita daga shubuha. An kuma umarce mu da kyautata kisa da yanka, saboda haka harbin da mutum bai da tabbacin inda zai sauka, barinsa ya fi. Ya kuma sanar da abokan tafiyarsa tun kafin a fita cewa shi zai yanka tasa da hannunsa, kuma idan za a kai mahauta domin a gyara, ya nemi a ware masa namansa, domin wasu wuraren suna haɗa naman mutane da yawa su niƙa, har su ƙara masa kitsen alade.

Malamin Kimiyya, Jega

Na karɓi gyaran ɗan'uwanmu na Jamus a kan nauyin ƙwaya, ya kamata tun farko in ce .243 mai giren 95 ko 100 nake nufi, ba ƙasa da haka ba. Amma ban janye ra'ayina duka ba, domin dokar Jamus da ya kawo an gina ta ne a kan aladen daji da jar barewa, waɗanda ba su ne a gaban ƙanen mai tambaya ba. Abin da zan ƙara shi ne, a Amurka kowace jiha da dokarta. A Ohayo, alal misali, ba a yarda a harbi barewa da ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ba, sai harsashi mai miƙaƙƙen kwanso wanda ba ya cin dogon zango, kuma domin irin waɗannan jihohi ne Winchester suka fitar da .350 Legend a 2019. Idan yana da niyyar sauya wurin aiki nan gaba kaɗan, ya karanta littafin dokokin farauta na jihar da zai koma kafin ya biya kuɗi.

Jikan Sarkin Baka, Zuru

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura masa duk abin da kuka rubuta, shi kuma ya roƙi abokansa suka kai shi filin gwaji ranar Asabar da bindigoginsu, aka kafa allo a yadi 100, ya harba biyar-biyar da kowacce. Da .30-06 biyu ne kawai suka shiga faɗin faranti, kuma ya ce a harbi na uku shi da kansa ya ji ya runtse ido kamar yadda Baba Soja ya siffanta. Da .270 da .308 huɗu-huɗu suka shiga. Da .243 da Creedmoor duka biyar ɗin suka shiga, na .243 ma sun fi haɗuwa wuri ɗaya, sai dai ita ce ya fara harbawa tun kafaɗarsa ba ta yi tsami ba, don haka za su koma mako mai zuwa su juya jerin.

Zuciyarsa ta karkata ga Creedmoor. Ya duba shagon da ke kusa da shi ya tarar da iri biyu na farauta, mai dalma giren 143 da jan ƙarfe zalla giren 120, kuma matarsa tana da ciki wata biyar. Abin da yake tambaya yanzu, musamman ga ɗan'uwanmu na Jamus, shi ne ko giren 120 na jan ƙarfe zai ratsa babban namiji ya fita ta ɗaya gefen a yadi 150, tun da ya fi ɗayan rashin nauyi da giren 23. Abokansa sun kuma ce masa akwai wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa, wadda suke kira CWD, da aka gano a jihar tun 2002, kuma ana kai kan dabbar a gwada kafin a ci naman, don haka sun hana shi tunanin harbi a kai ko a wuya.